Kwamfuta Mai Windows da Linux: Idan Jadawalin Rabon Faifai Ya Lalace

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau zamanmu da masu kwamfutar da aka ɗora wa manyan manhajoji biyu a faifai guda ne, wato Windows da Linux, irin wadda in ka kunna ta sai ta dakata ta tambaye ka wacce za ka shiga. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta sun fi kowa yin wannan haɗi, don malami yana son a yi masa aiki a Ubuntu, ɗalibi kuma ba ya iya rabuwa da Word da CorelDraw. Masu gyaran kwamfuta ma ku matso kusa da rediyo, akwai maganar da ta shafe ku.

Wata rana ka kunna laftof, maimakon jerin zaɓin da ka saba gani sai ga baƙin allo da ɗan rubutu a sama, "no such partition", a ƙasansa kuma "grub rescue". Ko Windows ta tashi lafiya lau amma Linux ta yi ɓatan dabo. Ko ka buɗe manhajar GParted ka tarar faifan gaba ɗaya ya yi ruwan toka, ta ce maka babu komai a cikinsa, alhali furojet ɗinka na shekarar ƙarshe yana ciki. Hankali ya tashi, a ruga shago, mai gyara ya duba na minti biyu ya ce, "Malam, sai dai a yi fomat." To abin da na zo in faɗa muku shi ne, sau da yawa babu fayil ko guda da ya ɓata a lokacin da matsalar ta auku. Daga baya ne fayilolin ke salwanta, a hannun mai gaggawar gyara.

Ku ɗauki faifan ajiya kamar babban fili da aka yanka fuloti-fuloti. Wannan na Windows, wancan na Linux, ga wani ƙarami na kayan tayar da kwamfuta. Akwai 'yar takarda a wajen safiyo da ke cewa fuloti na ɗaya ya fara daga wannan turke ya ƙare a wancan. Idan gara ta cinye takardar, gidajen suna nan tsaye da kayansu, sanin iyaka kawai aka rasa. Wannan takarda ita ce jadawalin rabon faifai, kuma mai yin fomat saboda ta lalace daidai yake da wanda ya kawo katafila ya rushe unguwa don taswira ta ɓata.

Jadawalin nan iri biyu ne, kuma dole ka san wanne ke faifanka kafin ka taɓa komai. Tsohon shi ne MBR, wanda ya zo a 1983 tare da PC DOS 2.0 na kamfanin IBM. Gaba ɗayansa yana zaune a sekta ta farko ta faifai, mai bayit 512. Bayit 446 na umarnin tayar da kwamfuta ne, 64 na jadawalin kansa, biyun ƙarshe kuma hatimi ne. Tun da kowane ɓangare yana cin bayit 16, gurbi huɗu kacal ake da shi. Da mutane suka buƙaci fiye da huɗu sai aka yi dabara: a mai da gurbi ɗaya ya zama babban ɓangare da ake sake yankawa a cikinsa, kowane ƙaramin yanki yana riƙe da adireshin na gabansa. Su ne waɗanda Linux ke fara ƙirgawa daga lamba 5. Illar wannan tsari a fili take: in adireshi ɗaya ya goge, duk yankunan da ke bayansa sun ɓace wa kwamfuta lokaci guda. Sannan MBR ba shi da kwafi a ko'ina, ba ya kuma iya sarrafa faifan da ya wuce terabayit 2 in dai sektocinsa na bayit 512 ne.

Sabon shi ne GPT, wanda ya samo asali daga aikin kamfanin Intel a ƙarshen shekarun 1990, ya kuma shiga ƙa'idar UEFI da ta maye gurbin tsohon BIOS. Shi yakan tanadi gurbi 128. Abin da ya fi burge ni da shi, yana ajiye jadawalin sau biyu, ɗaya a farkon faifai ɗaya a can ƙarshe, kuma kowanne yana da lambar tantancewa da ke tona asiri in wani abu ya sauya a ciki. Saboda haka lalacewar GPT ta fi sauƙin magani nesa ba kusa ba.

Me ya sa kwamfuta mai manhaja biyu ta fi faɗawa wannan matsala? Don kowace manhaja tana ganin faifan da nata ido. Windows ba ta karanta tsarin ext4 da Linux ke ajiye fayiloli a kai. In ka buɗe Disk Management za ka ga ɓangaren Linux ba suna ba harafi, sai mutum ya ɗauka wuri ne da ba a amfani da shi, ya goge don ya ƙara wa ɓangaren C na Windows girma. To a nan fayilolin GRUB suke, wato 'yar manhajar da ke kawo maka jerin zaɓin nan. Ka goge, ka sake kunnawa, sai "grub rescue". Wani lokacin kuma Windows ɗin ce da kanta za ta ce wannan faifai yana buƙatar fomat kafin a yi amfani da shi. Ba lalacewa ya yi ba, ita ce ba ta iya karanta shi.

Akwai kuma tarkon gurbi huɗun nan. Yawancin laftof ɗin HP na zamanin Windows 7, irin waɗanda har yau suke cike da kasuwanninmu a matsayin na hannu, sun zo da gurbi huɗun a cike tun daga kamfani. In ka nemi yanka na biyar daga cikin Windows, sai ta tambaye ka ko ta mai da faifan "dynamic". Kada ka yarda. Da zarar ka ce e, ɗora Linux a wannan faifai ya zama jan aiki, kuma Windows ba ta da hanyar mai da shi yadda yake ba tare da goge ɓangarorin ba. Sai uwa uba ɗauke wuta. Idan GParted tana tsakiyar matsar da ɓangare, batirin laftof kuma ya daɗe da mutuwa kamar yadda na yawancinmu yake, aka ɗauke wuta, to wannan kam ɓarnar takan wuce jadawali ta taɓa fayilolin kansu. Wanda batirinsa ba ya riƙe caji kada ya fara wannan aiki sai da inbata ko janareta mai isasshen mai.

Don haka ga dokar farko, ku rubuta ta. Da zarar ka ga alamar jadawali ya lalace, kada ka rubuta komai a wannan faifai. Kada ka yi fomat, kada ka ƙirƙiri sabon ɓangare a wurin da aka ce babu komai, kada ka sake ɗora Windows wai ko za ta gyaru. In Windows ta ce ka danna "Initialize Disk", ka ƙi. Umarnin "clean" na cikin diskpart, wanda wasu masu gyara ke bugawa ido rufe, share jadawalin yake yi baki ɗaya. Masu faifan SSD su fi kowa kiyayewa, domin akwai wani umarni da ake kira TRIM da ke sanar da faifan cewa wuri kaza an gama da shi, kuma in ya share wurin babu manhajar da za ta dawo da abin da ke ciki. Tsohon faifai mai juyawa yakan yi wa mai kuskure afuwa, SSD ba ya yi.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne kan gyaran jadawalin rabon faifai a kwamfuta mai Windows da Linux. A ɗauko biro da takarda, don yanzu za mu shiga aikin.

Abin da kake buƙata shi ne filas mai ɗauke da Ubuntu ko Linux Mint, wanda za ka iya haɗawa a kwamfutar aboki da manhajar Rufus ko Ventoy. Ka soka shi, ka kunna, ka danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko mafi yawan Lenovo. Ka zaɓi gwadawa, ban da ɗorawa. Yanzu Linux tana gudana daga filas, faifanka yana kwance ba mai taɓa shi. Buɗe Terminal ka rubuta sudo fdisk -l, ƙaramin harafin L ke nan a ƙarshe. Zai nuna maka sunan faifan, ko /dev/sda ko /dev/nvme0n1, ya kuma gaya maka irin jadawalin: in ya rubuta "dos" to MBR ne, in ya rubuta "gpt" ka san sauran. Ka ɗauki hoton allon da wayarka. Lambobin farko da ƙarshen kowane ɓangare da ke cikin hoton nan za su iya cetonka nan gaba.

In ka ga ɓangarorinka duk suna nan, kana ma iya buɗe su ka ga fayiloli, to jadawali lafiyarsa ƙalau, matsalar ta tayarwa ce, kuma ba za mu daɗe a kanta ba. A kwamfuta mai UEFI sau da yawa Windows ce ta sa kanta a gaba bayan sabuntawa, sai ka shiga saitin BIOS ka dawo da Ubuntu sama. In GRUB ce ta lalace, manhajar Boot-Repair takan sake ɗora ta da danni ɗaya. In kuma Windows ce ta ɓace daga jerin zaɓi, ku sani tun daga GRUB 2.06 na 2021 an kashe binciken sauran manhajoji sai wanda ya kunna, ta hanyar sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a fayil ɗin /etc/default/grub, sannan a buga sudo update-grub. Wani sanadin kuma shi ne an ɗora Windows ta hanyar UEFI, Linux kuma ta tsohon BIOS, to GRUB ba za ta iya tayar da ɗaya daga cikin ɗaya ba. Ko a watan Agustan 2024 wata sabuntawar Windows ta hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu Secure Boot, da saƙon da ke ambaton SBAT. Jadawali bai taɓu ba, fayiloli ba su taɓu ba, amma wanda bai bincika ba zai iya yin fomat a banza.

Kafin ka ci gaba, ka tambayi faifan lafiyarsa. A cikin manhajar Disks ta Ubuntu akwai wurin duba bayanan SMART, inda faifai ke ba da rahoton sektocinsa da suka mutu. In yana ƙara ƙas-ƙas, ko yana ɓacewa yana dawowa, ko rahoton ya nuna sektoci suna ta mutuwa, to lalacewar jadawali alama ce kawai, ciwon yana jikin faifan. Irin wannan ba a gyara a kansa. A nemo wani faifan da ya kai shi girma ko ya fi, a kwafe shi sekta-sekta da GNU ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da suke da lafiya kafin ta koma kan masu wuya. Sai a yi gyaran a kan kwafin. Ni a ganina ko faifan lafiya yake, in abin da ke ciki yana da daraja kuma kana da halin aron wani faifai, ka yi kwafin. Wanda ke da kwafi yana iya yin kuskure sau biyu.

Yanzu ga asalin matsalar: faifai lafiya, amma ɓangare ya ɓace ko jadawalin ya rikice. In GPT ne, kayan aikinka gdisk, wadda Roderick Smith ya rubuta. Ka buga sudo gdisk sannan sunan faifan. Tana buɗewa za ta duba jadawalin farko da na ƙarshe, in na farkon ya lalace na ƙarshen yana da kyau za ta faɗa maka, sau da yawa ma ta sake gina shi daga kwafin da kanta. Danna p ka ga jerin ɓangarori, ka gwada da abin da ka sani game da faifanka. Danna v ta tantance. In ba ta ɗauko kwafin da kanta ba, r zai kai ka sashen ceto, inda b ke ɗauko kan jadawalin daga ƙarshen faifai, c kuma ya ɗauko jerin ɓangarorin. Kyawun gdisk shi ne duk abin da kake yi a ƙwaƙwalwar kwamfuta yake, ba ya sauka a faifai sai ka danna w. In ranka bai kwanta da abin da ka gani ba, danna q ka fita, babu abin da ya sauya.

Wata matsala mai ruɗa mutane ita ce faifan da ya taɓa zama GPT aka mai da shi MBR, amma ragowar tsohon jadawalin ya maƙale a ƙarshe. Windows tana tashi daidai, amma mai ɗora Linux ya ga jadawali biyu masu saɓa wa juna, sai ya nuna faifan kamar babu komai. Wanda ya ci gaba da ɗorawa a haka ya shafe Windows ɗinsa. FixParts, wadda ke zuwa tare da gdisk, tana gano ragowar ta nemi izininka ta share.

In kuwa MBR ne, ko kuma goge ɓangaren aka yi da hannu ta yadda kwafin GPT ma ya bi sahu, sai a koma ga TestDisk. Wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya fara fitar da ita a 1998, kyauta ce, kuma ban ga dalilin da zai sa mai gyaran kwamfuta ya buɗe shago bai iya ta ba. Hikimarta ita ce kowane ɓangare yana ɗauke da shaidar kansa. NTFS na Windows yana da sektar bayani a farkonsa da kwafinta a ƙarshensa. Shi ma ext4 yana da nasa bayanin kusa da farko, da kwafe-kwafe a warwatse a ciki. TestDisk tana bin faifan tana neman waɗannan shaidu, daga nan ta lissafo inda kowane ɓangare ya fara da inda ya ƙare.

Ka buɗe ta da sudo testdisk, ka zaɓi faifan, ka tabbatar da irin jadawalin: "Intel" na nufin MBR, "EFI GPT" kuma GPT. Sai "Analyse", sai "Quick Search". Za ta kawo jerin abin da ta samo. A nan ake son natsuwa, domin tana tono har tsofaffin ɓangarorin da aka goge shekarun baya, musamman a laftof na hannu da ya ratsa hannaye da yawa kafin ya iso gare ka. Kada ka yarda da girma kawai. Ka hau kan kowane layi ka danna P, za ta nuna maka fayilolin da ke ciki. In ka ga foldarka da sunayen da ka sani, shi ne. In ta ce ba ta iya karantawa, mai yiwuwa tsohon kufai ne, ka bar shi da alamar D. Shawarata ita ce tun a nan, kafin ka gyara komai, ka danna a don zaɓar fayilolin, ka danna babban C ka kwafe masu muhimmanci zuwa wani faifan dabam. In binciken farko bai samo ba, akwai "Deeper Search", wanda kan ɗauki awanni a babban faifai, don haka a tanadi wuta. Sai ka ga jerin ya yi daidai, ba ɓangaren da ya hau kan wani, sannan ka danna "Write".

In duk wannan ya ci tura, tana da 'yar'uwa mai suna PhotoRec, wadda ba ruwanta da jadawali, tana tsinto fayiloli ne ta siffarsu. Za ka samu hotuna da takardu, amma ba suna ba folda, dubbai a zube. Matakin ƙarshe ke nan, ba na farko ba.

Bayan jadawali ya dawo, kwamfutar ba lallai ta tashi nan take ba, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Lambobin ɓangarori kan sauya, wanda yake na 6 ya koma na 5, sai GRUB ta nemi fayilolinta inda ba su. Boot-Repair ta wadatar. In Windows ce ta ƙi, a tayar da filas ɗin ɗora Windows a shiga sashen gyara: umarnin bcdboot yana sake rubuta fayilolin tayarwa a ƙaramin ɓangaren EFI, wanda FAT32 ne, yawanci megabayit 100 zuwa 'yan ɗaruruwa. Wannan ɗan ɓangare na manhajojin biyu ne tare, kada ƙanƙantarsa ta sa ka goge shi. A tsohuwar kwamfuta mai MBR kuma, wanda ya cire Linux da gangan yana son Windows kaɗai, bootrec /fixmbr ne maganinsa.

Abu biyu game da Windows da nake roƙon ku kula. Na farko BitLocker. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifan a kulle ba tare da mai ita ya sani ba, kuma sauyi a tsarin tayarwa yana iya sa ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48. Yawanci yana cikin asusunka na Microsoft. Ka nemo shi ka rubuta a takarda tun kwamfutar tana lafiya, don in babu shi TestDisk za ta iya dawo da ɓangaren amma ba mai iya karanta abin da ke ciki. Na biyu Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8 a 2012. Da shi, in ka kashe kwamfuta ba ta mutu gaba ɗaya ba, barci ta yi ta bar ɓangarenta a riƙe. Shi ya sa Linux kan ƙi yin rubutu a ciki, kuma matsar da ɓangare a wannan hali haɗari ne. Umarnin powercfg /h off yana kashe shi.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma sai da UEFI, mutane da yawa za su so mai da faifansu daga MBR zuwa GPT. Windows tana da manhajar MBR2GPT tun 2017, amma ba ta karɓar faifan da ke da ɓangarori fiye da uku, ko mai ƙananan yankunan nan masu farawa daga lamba 5, wanda kuwa a nan Linux ta fi zama a tsofaffin kwamfutoci. In ta ƙi, kada ka tilasta ta da wata manhajar da ka tsinto a intanet. Kwashe kayanka tukuna, kuma ka sa a ranka cewa bayan juyin sai an sake ɗora GRUB ta hanyar UEFI.

Ga wanda kwamfutarsa ke lafiya yau, akwai aikin da bai kai minti ɗaya ba. A Terminal ka rubuta sudo sfdisk -d /dev/sda > jadawali.txt, ka sa sunan naka faifan in ya bambanta. Zai fitar da ɗan fayil na rubutu mai layuka kaɗan, ɗauke da farko da girman kowane ɓangare. Kada ka bar shi a faifan da yake bayani a kansa, ka tura wa kanka ta imel ko ka sa a filas. Ranar da jadawali ya lalace, sudo sfdisk /dev/sda < jadawali.txt zai mai da shi yadda yake. Sharaɗi ɗaya ne: duk lokacin da ka sauya rabon faifan ka sake fitar da sabo, domin mai da tsohon jadawali kan sabon rabo ɓarna ce ta kanta.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya su aiko da hoton abin da fdisk ya nuna musu tare da saƙon, don da shi za mu iya ba da amsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)